YADDA AKE CIYAR DA TARWAƊA IDAN TANA KUDUDDUFI ƊAYA DA KARFASA

Kiwon kifi ya zama sana'a a ƙauyuka da yawa na ƙasar nan, musamman wuraren da ke da fadama, ko waɗanda ke kusa da madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da Kainji. Sana'ar ba sabuwa ba ce, domin tun a farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi ta Panyam, a cikin Jihar Filato ta yanzu. A yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗa irin ta Afirka. Duk da haka kifin bai ishi jama'a ba, shi ya sa ake shigo da kifin ƙanƙara daga ƙasashen waje. Ke nan kasuwa tana nan tana jiran mai kiwo.

Masu kiwo da yawa sukan zuba tarwaɗa da karfasa a kududdufi ɗaya. Wannan dabara ce mai kyau. Amma akwai wani kuskure da ke cinye ribarta. Wasu sun ɗauka cewa tun da tarwaɗa a ƙasan ruwa take zama, to laka da ragowar abin da karfasa ta bari sun ishe ta. Sai su watsa dusa a saman ruwa da safe, su kama gabansu. Ranar kwashe kifi sai a tarar da 'yan tarwaɗa ƙalilan sun yi ƙiba, sauran duk kai ne babba da jiki siriri, wasu kuma an neme su an rasa. Wata shida na wahala sun tafi a banza.

Tarwaɗa ba ta rayuwa da laka. Tana bukatar nata abinci, a nata wuri, a nata lokaci.

HALIN KOWANE KIFI

Kafin a yi maganar abinci, ya kamata a san halin kifayen biyu, domin ba ɗaya ba ne.

Karfasa kifin rana ce. Da ido take neman abinci, kuma a sama da tsakiyar ruwa ta fi yawo. Bakinta ƙarami ne. Babban abincinta shi ne ƙananan tsirrai da halittun nan da ido ba ya iya rarrabewa, waɗanda ke sa ruwan kududdufi ya yi kore. Tana kuma cin dusa da ganye mai laushi.

Ita kuwa tarwaɗa idanunta ƙanana ne, kuma ba su ne abin dogaronta ba. Tana da gashin baki guda 8, huɗu a kowane gefe. Da su take lalube, da su kuma take jin ɗanɗanon abu tun kafin ta kai shi baki. Saboda haka duhu da ruwan laka ba sa hana ta kiwo. Hasali ma ta fi kuzari daga faɗuwar rana zuwa dare. Bakinta yana da faɗi, kuma haɗiya take yi, ba tsince-tsince ba. A cikin kogi tana cin ƙwari da tsutsa da tana da dodon koɗi da 'ya'yan kwaɗi da ƙananan kifaye. Wato abinci mai nama ta fi so.

Akwai wani bambanci kuma. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta wadda ke ba ta damar shaƙar iska a waje. Shi ya sa ake ganinta tana leƙowa sama jifa-jifa, kuma shi ya sa take daɗewa a daro a kasuwa ba ta mutu ba. Karfasa ba ta da wannan gaɓa. Iskar da ke cikin ruwa kaɗai take shaƙa. Idan ruwa ya ɓaci, ita ce ke fara mutuwa.

DALILIN HAƊA SU

Karfasa tana da saurin haihuwa. A kududdufi takan fara ƙwai tun tana wata 4 zuwa 6, kuma macen tana riƙe ƙwan a cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, saboda haka 'ya'yan da yawa suna tsira. Idan aka bar ta ita kaɗai, sai kududdufi ya cika da ƙananan kifaye, abinci ya kasa, kowa ya tsumbure. Tarwaɗa ce ke rage waɗannan 'ya'ya. Da haka manyan karfasa suke samun wurin girma, ita ma tarwaɗa ta sami nama.

To amma 'ya'yan karfasa ƙari ne kawai, ba su ne abincin yau da kullum ba. A watannin farko ma babu su sam, tun da karfasa ba ta fara haihuwa ba. Wanda ya dogara da su ya bar tarwaɗarsa da yunwa a daidai lokacin da ya kamata ta yi girma.

Wajen zuba kifi, a fara zuba karfasa, a ba ta kamar wata ɗaya ko biyu ta ɗan tasa, sannan a kawo 'ya'yan tarwaɗa. A tabbata karfasar ta fi ƙarfin bakin tarwaɗa, in ba haka ba ita ce za ta zama abincin.

ABIN DA AKWATIN GILASHI YA NUNA

Ruwan kududdufi ba ya nuna abin da ke ƙasa. Mai kiwo yana tsaye a baki, ba ya ganin wanda ya ci da wanda bai ci ba. Inda ake ganin wannan a fili shi ne akwatin gilashin nan da ake ajiye kifayen ado a ciki, a gidaje da ofisoshi na birane.

A irin wannan akwati akan sa wasu ƙananan dangin tarwaɗa tare da sauran kifaye. Akwai wanda ake kira koridoras, ɗan asalin kogunan Kudancin Amurka, wanda bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Akwai kuma ƙurungu, wanda wasu irinsa daga kogin Kwara da tafkin Chadi suke. Masu akwatin da yawa sukan ɗauke su a matsayin 'yan shara, waɗanda za su share ƙasan akwati. Idan aka watsa abinci a sama, kifayen sama suna cinye shi tun bai nutse ba. Na ƙasa ba sa samun komai. Bayan 'yan makonni sai a ga cikinsu ya shafe, su yi ta ramewa har su mutu, alhali kullum ana zuba abinci.

Waɗanda suka san kan abin sukan sayi abinci mai nutsewa, su jefa shi bayan an kashe fitilar akwatin, lokacin da kifayen sama suka lafa. Da safe su cire abin da ya rage. Wannan ƙa'ida ita ce dai ta kududdufi.

INDA MATSALA TAKE A KUDUDDUFI

Matsalar iri biyu ce, gwargwadon abincin da ake bayarwa.

Idan gari ne ko dusa, karfasa ce ke amfana. Gari yana bazuwa a saman ruwa, ita kuwa ta iya tsince shi. Babbar tarwaɗa ba ta iya tara gari da faffaɗan bakinta. Abin da ya nutse ya shige laka ya ruɓe.

Idan kuma dunƙulallen abincin kamfani ne mai yawo a saman ruwa, to tarwaɗa tana koyon tasowa ta ci. Sai dai manyan cikinsu ne ke mamaye wurin. Su kori karfasa, su kori ƙananan 'yan'uwansu. Babba ya ƙara girma, ƙarami ya ƙara komawa baya. Da tazara ta yi yawa, sai babba ya fara haɗiye ƙarami, domin tarwaɗa mai jin yunwa ba ta san ɗan'uwa ba. Nan ne kifayen da aka nema aka rasa suka tafi.

ABINCIN DA YA DACE DA KOWA

Abin da ke gina naman kifi shi ne sinadarin da ake kira furotin. Tarwaɗa mai tasowa tana bukatar abincin da ke da furotin kashi 35 zuwa 45 cikin 100. Karfasa kuwa kashi 25 zuwa 30 ya ishe ta, kuma idan ruwa yana da kore tana samun wani kaso daga can.

A duba kayan da ake da su a ƙauye. Masara ba ta wuce kashi 10 ba. Dusar shinkafa kamar kashi 12 ce. Waken suya ya kusa kashi 40. Ƙuli-ƙuli yana da kashi 40 zuwa 45. Garin busasshen kifi yana kai kashi 60. Daga nan za a gane cewa wanda ke ba tarwaɗa dusa zalla kamar sulusin abin da take bukata kawai yake ba ta.

Abinci shi ne ke cin fiye da rabin kuɗin da ake kashewa a kiwon tarwaɗa. Wanda ba shi da ƙarfin sayen na kamfani kullum yana iya haɗa nasa a gida. Ga misalin haɗin kilo 10:

Waken suya gasasshe, kilo 3.
Ƙuli-ƙuli, kilo 2 da rabi.
Garin busasshen kifi, kilo 2.
Masara, kilo 2.
Garin rogo, rabin kilo.

Wannan haɗi yana ba da furotin kimanin kashi 35. A ƙara ɗan gishiri, da ɗan garin ƙashi, da garin bitamin irin wanda masu sayar da abincin kaji suke da shi. Da sikeli za a auna, ba da mudu ba, domin mudun masara da mudun ƙuli-ƙuli nauyinsu ba ɗaya ba ne.

A niƙe kayan su yi laushi, a gauraya su sosai. A dama garin rogon da ruwan zafi ya yi kamar talge, a zuba a kwaɓa. Shi ne zai riƙe abincin kada ya watse da zarar ya taɓa ruwa. A tura kwaɓin ta injin niƙa nama, ya fito kamar taliya, a yayyanka, a shanya a rana ya bushe ƙarau. Girman ƙwayar ya bi girman bakin kifi. Irin wannan abinci na gida nutsewa yake yi, kuma shi ne daidai da mai zaman ƙasa.

A kiyaye abu uku. Na ɗaya, kada a ba kifi ɗanyen waken suya. Yana da wani sinadari da ke hana abinci narkewa a ciki, kuma wuta ce ke kashe shi. A gasa shi ya yi ƙamshi, amma kada ya ƙone. Na biyu, kada a yi amfani da ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna. Fumfunar tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Na uku, a ajiye abincin a kan katako, a ɗaki busasshe, kuma kada a haɗa fiye da abin da zai ƙare cikin wata ɗaya, musamman da damina.

Akwai kuma abin da ake samu kyauta. Gara da shinge da fara da tana duk abincin tarwaɗa ne. Idan aka rataya fitila a saman ruwa da dare, ƙwari za su taru su faɗa ciki. Kayan cikin kaji da jinin mahauta ma suna da amfani, amma sai an dafa su, kuma kaɗan-kaɗan ake bayarwa. Kada a jefa mushe ko ruɓaɓɓen nama a kududdufi. Yana ɓata ruwa, yana kawo cuta, kuma kifin nan mutane ne za su ci.

LOKACI DA WURI

Tun da halin kifayen ya bambanta, sai a raba musu lokaci da wuri.

A ba karfasa nata da hantsi, bayan rana ta ɗaga ruwa ya ɗan yi ɗumi, sannan a ƙara mata da la'asar sakaliya. A watsa dusar a gefen da ba shi da zurfi. A wannan lokaci a jefa wa tarwaɗa kaɗan daga cikin nata a can ɗaya gefen, domin kada ta zo ta hargitsa karfasa.

Babban rabon tarwaɗa kuwa da magariba ne, lokacin da karfasa ta daina kiwo. A zuba mata a gefe mai zurfi. Kada a tara shi wuri ɗaya. A raba shi wuri biyu ko uku masu tazara, domin manya ba za su iya tsare ko'ina ba. A riƙa bayarwa a lokaci ɗaya da wurare ɗaya kullum. Cikin 'yan kwanaki kifi zai saba.

Tun da abincin nutsewa yake yi, ta yaya za a san an cinye? Ga dabara mai sauƙi. A sami tsohon faranti mai faɗi, ko kwando mai ƙananan idanu. A ɗaura masa igiya, a sa masa dutse ya riƙe shi a ƙasa. A zuba abincin a ciki, a saukar da shi a hankali. Bayan kamar rabin awa a jawo a duba. Idan an cinye tas, gobe a ƙara kaɗan. Idan an bar saura, gobe a rage. Wannan faranti shi ne idon mai kiwo a ƙasan ruwa.

AWON ABINCI

An ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. A kiwon kifi kuwa gara a haɗa da sikeli. Ƙa'idar ita ce a ba kifi abinci gwargwadon nauyinsa. 'Ya'yan tarwaɗa masu tsawon yatsa ana ba su kamar kashi 5 cikin 100 na nauyinsu kowace rana. Idan sun tasa a koma kashi 3. Idan sun kusa shiga kasuwa a sauko kashi 2.

Ga misali. Mai kiwo yana da tarwaɗa 100. Ya kamo 10 ya auna, ya sami kilo 2. Ke nan kowace ɗaya giram 200 ce, duka 100 ɗin kuma kilo 20. Kashi 3 cikin 100 na kilo 20 shi ne giram 600. Wannan shi ne abincinsu na yini guda. Sai ya ba da giram 200 da hantsi, giram 400 da magariba.

A maimaita wannan awo duk bayan mako biyu, da sanyin safiya, a kuma rubuta a littafi: ranar awo, nauyin kifi, da abincin da aka bayar. Da abinci mai kyau, kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana ba da kilo ɗaya na tarwaɗa. Haɗin gida yakan ci fiye da haka. Littafin ne zai nuna wa mai kiwo ko riba yake yi ko hasara.

A lokacin awon, duk tarwaɗar da aka ga ta zarce sauran da nisa a cire ta. A kai ta wani kududdufi, ko a sayar, ko a kai wa uwargida ta yi miya. Barinta a ciki hasara ce.

HATSARIN YAWAN ABINCI

Kada tsoron yunwa ya sa a wuce gona da iri. Abincin da ba a ci ba yana ruɓewa a ƙasa, kuma ruɓewar tana cinye iskar da ke cikin ruwa. Koren tsirran ruwa suna samar da iska da rana, amma da dare su ma shaƙa suke yi. Saboda haka iska ta fi ƙaranci gab da asuba. Shi ya sa rabon magariba bai kamata ya wuce abin da za a cinye cikin rabin awa ba.

Mai kiwo ya riƙa leƙa kududdufinsa bayan sallar asuba. Tasowar tarwaɗa ta shaƙi iska ta koma ba abin damuwa ba ne, halinta ne. Amma idan aka ga karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, to ruwa ya ɓaci. A dakatar da abinci na yini ɗaya ko biyu. A fitar da wani kaso na ruwan, a zuba sabo. Kada a yi jinkiri, domin ana iya wayar gari a tarar da karfasa duk sun mutu, tarwaɗa na yawonta.

Ana iya gwada ruwa da hannu. A tsoma hannu har gwiwar hannu. Idan ana ganin tafin hannu sarai, to koren ya yi kaɗan, a ƙara ɗan takin kaji a cikin buhu a jiƙa a gefe. Idan kuwa tafin ya ɓace tun hannu bai yi nisa ba, ko ruwan yana wari, to ya yi yawa. A tsayar da taki, a rage abinci.

LOKACIN HUNTURU

Jikin kifi yana bin ɗumin ruwa. Tarwaɗa ta fi ci da girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ruwa yana yin sanyi sosai a arewa, cin abinci ya ragu. Wanda ya ci gaba da zubawa kamar da, kuɗinsa yake zubarwa, ruwansa kuma yake ɓatawa. A irin wannan lokaci a rage abinci, a kuma dawo da rabon magariba zuwa la'asar, lokacin da ruwa ya fi ɗumi. Faranti ne zai nuna iyakar abin da za su iya ci.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Tarwaɗar da ke ƙoshi jikinta a cike yake, faɗinsa ya yi daidai da kanta, fatarta tana santsi. Mai yunwa kuwa kanta ya fi jikinta, cikinta a shafe. Idan ana ganin cizo a wutsiya, ko gashin baki a gutsure, to ana faɗa a wurin cin abinci, sai a ƙara yawan wuraren zubawa. Idan kifi ya ƙi ci gaba ɗaya alhali ba sanyi ake yi ba, a fara duba ruwa kafin a nemi magani.

Wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko sashen kula da kifi na ma'aikatar gona ta jiharsa. Akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, wadda aikinta ke nan.

Kududdufi ɗaya yana iya fitar da kifi iri biyu, a ci a gida, a kai kasuwa. Sharaɗin dai shi ne kowane ya sami rabonsa: karfasa da rana a sama, tarwaɗa da magariba a ƙasa, kuma komai da awo. Wanda ya kiyaye wannan, ranar jan koma ba zai ji kunya ba. Allah ya ba da sa'a.